Samaru: Tarihin Gari A Bakin Titi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Zariya zuwa Funtuwa ko Gusau ko Sakkwato, to ya ratsa Samaru, ko da kuwa gyangyaɗi yake yi a lokacin. Da an bar Kwangila, an wuce Palladan, sai titi ya miƙe ya keta garin daga wannan baki zuwa wancan. A hannun hagu doguwar katangar Jami'ar Ahmadu Bello ce, da manyan itatuwa suna leƙowa ta samanta. A hannun dama kuwa shaguna ne a jere, da rumfuna, da tebura, da lunguna masu shiga cikin gari.

Da yawa daga cikin 'yan wannan ƙungiya tamu sun yi karatu ko aiki a bayan waccan katanga. Idan ka tambaye mu tarihin hannun hagu, sai mu zuba maka shi kamar hadda: shekarar da aka kafa jami'a, da sunayen shugabanninta, da na ɗakunan kwanan ɗalibai. Amma idan ka ce mu ba ka tarihin hannun dama, inda muka ci tuwo bashi, aka ɗinka mana riguna, aka buga mana kundin digiri, sai ka ga muna susar ƙeya. Abin da aka rubuta game da garin kansa yawanci yana kwance ne a cikin kundaye na Turanci a kan kantocin laburare, bai taɓa tsallaka titi ya isa hannun mutanen da aka yi rubutun a kansu ba.

Wannan ne ya sa muka ware yini guda muka taka babban titin Samaru da ƙafa. Mun shiga bas da sassafe har ƙarshen gari ta wajen Shika, muka sauka, sa'an nan muka juyo muna tafiya sannu a hankali muna fuskantar Zariya. Mun zaɓi wannan fuska ce da gangan, domin wanda ya faro daga can ya nufo babbar ƙofar jami'a, to yana bin tarihin garin ne daki-daki, tun daga mafarinsa har zuwa yau.

Kafin A Shimfiɗa Kwalta

A inda muka sauka, gonaki sun fi gidaje yawa. Mun tarar da masu babura da kekuna suna shigowa daga ƙauyuka, wani da buhun masara a baya, wani da ɗaurin rake, wani da kwandon tumatir. Matan Fulani kuma suna tafe da ƙoren nono a ka. Wannan shi ne tsohon hoton wurin. Kafin a san da wata tashar bincike ko jami'a, wannan fili ƙasar noma ce ta Zazzau, mai ƙauyuka irin su Bomo da Basawa da Shika, ga rafin Kubanni yana gangarawa ya nufi Zariya, ga kuma dutsen Kufena ana hango shi daga nesa.

Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Muhammadu Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. A zamanin wannan sarki, wanda mu marubuta muka fi saninsa a matsayin mawaƙi, aka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911. Wahalar wannan aiki ce ta bar mana kalmar "diga" a bakin Hausawa, kuma sarkin da kansa ya rubuta waƙa a kai, wato Waƙar Diga.

Ba don kallon Kufena Turawa suka kawo jirgi ba. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga ido rufe, har attajiransu suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Mancesta a 1902, suka kuma sa rai cewa Arewacin Nijeriya zai ƙosar da su. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka shigo da wani iri na Amurka mai dogon zare da ake kira Allen. Sai dai manomi ba wawa ba ne. Masaƙan gida suna sayen audugar gida da daraja, a ƙasar Kano kuwa tun 1912 manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka rungume ta. Nan Turawa suka gane cewa ba a noma da umarni kawai, sai an san ƙasa, an san iri, an san damina. Daga wannan buƙata Samaru ta samo asali.

Gonar Gwaji

Tafiya kaɗan muka iso gine-ginen Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR. A 1922 aka kafa ta a matsayin tashar bincike ta Ma'aikatar Gona ta Lardunan Arewa, wato ta girmi jami'ar da take ƙarƙashinta yanzu da shekara 40 cif. Daga baya aka ƙara mata makarantar horar da malaman gona, waɗanda aka riƙa turawa lardi-lardi.

To, a nan ne mai karatu zai yi tambayar da ba a cika yi ba. Baturen da ya zo auna tsawon zaren auduga, wa ya yi masa huɗa? Wa ya yi noma, ya yi maimai, ya tsinci audugar, ya kai ta ma'auni? Wa ya ɗebo masa ruwa, ya dafa masa abinci, ya yi gadin gonar da dare? Leburori ne da kukuma da masu gadi da masinjoji da akawuna, wasu daga ƙauyukan kewaye, wasu daga nesa. Su kuwa dole su sami wurin kwana kusa da wurin aiki, dole a sami mai sayar musu da hatsi da gishiri, da mahauci, da wanzami, da liman. Haka garin ya riƙa haɗuwa, ɗaki bayan ɗaki. Samaru ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Albashi ne ya tara mutanenta, kuma har yau ƙarshen wata ya fi kowace rana daraja a wurin 'yan kasuwarta.

Sunan garin ya yi tafiyar da mutanensa da yawa ba su yi ba. Irin audugar da aka fitar a nan, su Samaru 26C da Samaru 26J, sun shiga gonakin Arewa shekara da shekaru. Yau ma idan manomi ya sayi irin masara mai suna SAMMAZ, ko na wake SAMPEA, ko na gyaɗa SAMNUT, ko na dawa SAMSORG, ko na auduga SAMCOT, to waccan "SAM" ta farko Samaru ce aka gutsure. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa, neman iri mai saurin nuna da jure cuta ya zama babban aikin wannan wuri.

Akwai kuma wani darasi da bai kamata ya wuce mu ba. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana ƙididdige aikinsu. A wancan lokaci ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya alamar rashin wayewa ce. Binciken ya nuna cewa manomin yana da hujja: haɗin ya fi ba shi amfani daga fili ɗaya, kuma in wani ya ƙi wani zai yi. Ashe ilmi yana tsallaka titin nan ta fuska biyu.

Hayin Dogo Da Kasuwa

Da rana ta fara ɗagawa muka saki titi muka shiga cikin gari. Lungunan Samaru a miƙe suke, ba kamar na birni masu murɗe-murɗe ba, alamar an yi awon filaye kafin a yi gini. Gidajen haya ne birjik, irin masu dogon baranda da ɗakuna suna kallon juna, rijiya a tsakar gida, igiyar shanya ta keta daga wannan bango zuwa wancan. Tun da safe 'yan ga-ruwa suke tura kurarsu cike da jarkoki. Ga gari a maƙwabtaka da masana ruwa da injiniyoyi, amma ruwan sha sai an saya da jarka.

A bayan gari muka iske layin dogo. Wannan shi ne reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, domin kwaso auduga da gyaɗa. Unguwar da ke ƙetarensa ita ce Hayin Dogo, sunan da ya faɗi tarihinsa da kansa, kamar yadda ake da Hayin Banki da Hayin Rigasa a Kaduna. Mun tsaya a kan layin, ba mu ji ƙugin jirgi ba. Awaki ne ke kiwo a gefensa, yara 'yan makaranta suna taka ƙarfen suna gwada wanda zai fi daɗewa bai faɗo ba. Kayan da jirgi ke ɗauka a da, yanzu manyan motoci ne ke dakonsu a kan titin da muka baro, shi ya sa tsallaka shi ya zama abin fargaba ga tsoho da yaro.

Kasuwar Samaru kuwa, wanda yake son sanin su wane ne mutanen garin, to ya je can ya kasa kunne. Ga doya da manja da garin rogo da busasshen kifi, ga dawa da gero da kuka da daddawa, ga kayan gwari daga fadamun ƙasar Zazzau. Za ka ji Yarbanci da Ibo da Tibi da Idoma da Igala da Nufanci da harsunan Kudancin Kaduna, ka ji Turancin buroka, amma da an zo ciniki sai kowa ya koma Hausa. Hausa ce iri-iri: ta Bazazzagi, da ta Bakatsine ɗan cirani, da ta Bayarabiyar da aka haifa a nan, wadda in ba ka ga fuskarta ba sai ka rantse daga cikin ganuwa ta fito. Marubucin da ke kukan cewa duk taurarin littafinsa murya ɗaya suke magana da ita, ya zo nan ya yi awa biyu a kan benci.

Ƙofar Arewa

Muka komo bakin titi daidai ƙofar arewa ta jami'a, inda ɗalibai ke fitowa ayari-ayari. A shekarun 1950 aka kafa reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya a wannan fili. A 1955 aka dawo da sashen zane-zane daga Ibadan zuwa nan, kuma a 1958 wasu ɗalibansa, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Sun ƙi yarda a ce zanen kirki sai irin na Turai, suka ce kowa ya waiwayi fasahar gidansu ya haɗa da abin da aka koya masa. Aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, kuma daga baya suka zama iyayen zanen zamani a Nijeriya.

Ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426. An gina ta ne a kan wuraren da suka riga ta: kwalejin nan ta Samaru, da tashar binciken gona, da gonar dabbobi ta Shika, da makarantar koyon mulki ta Kongo, da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ne uban jami'ar na farko, shugabanta na farko kuwa Norman Alexander ne, mutumin Niyu Zilan. A 1966 Dakta Ishaya Audu ya gaje shi, ya riƙe har 1975, kuma a zamaninsa jami'ar ta yi irin girman da ya sauya Samaru baki ɗaya. Kowane sabon sashe yana nufin sababbin birkiloli da kafintoci da direbobi da masu shara, kowane ɗayansu kuma ɗaki yake nema a ƙetaren titi.

Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma an saba ɗaukar cewa jami'a ce kaza, gari ne ƙadangare. Amma wanda ya tsaya a wannan ƙofa da ƙarfe bakwai na safe ya ga ma'aikata suna ɗunguma ciki, da yamma kuma ya ga ɗalibai suna ɗunguma waje neman abinci da makwanci, zai yi shakkar wane ne ke shan ruwan wani.

An sha yin ƙoƙarin rage tsawon katangar. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ke koyar da wasan kwaikwayo, aka gina dandalin wasa na ƙasa da azara bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda wani maginin Amurka mai suna Steven Ehrlich ya tsara. Daga wannan sashe ne aka fito da al'adar tura ɗalibai cikin lungunan Samaru su ji koken jama'a game da ruwa da shara da lafiya, su mayar da shi wasa, su nuna a dandalin unguwa. A sashen tarihi kuma, Abdullahi Smith da ɗalibinsa Yusufu Bala Usman sun dage cewa tarihinmu yana cikin takardun malamanmu da bakin dattawanmu. A 1988 jami'ar ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, ranar da kalangu ya shiga inda a da sai mai baƙar riga.

Tuwo, Tafireta Da Waya

Da azahar muka zauna a wata rumfar abinci. Waɗannan rumfuna ma suna da shekarar bunƙasarsu. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin ɗakin cin abinci na gwamnati, inda ɗalibi ke miƙa tikiti a zuba masa shinkafa da kaza. A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyar da ɗalibai. Abin da ya zama hasara ga ɗalibi ya zama jari ga matan gari. Tukwane suka hau murhu a kowane lungu, ga tuwo da miyar kuka, ga teba da sakwara, ga ƙosai da kunu da safe. Gidaje da yawa a Samaru da kuɗin kwanon ɗalibai aka gina su, kuma yara da yawa da wannan kuɗi aka biya musu makaranta, har wasunsu suka tsallaka titi suka zama malamai a ciki.

Daga 1986, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wata. Ma'aikaci ya mayar da babur ɗinsa na acaɓa, malami ya koma gona, littafin waje ya gagari saye. Sai sana'ar hoton takardu ta kankama, domin littafi ɗaya ne aji guda zai raba. A gaban shaguna kuma masu tafireta suka jera tebura, suna buga kundin ɗalibi da takardar kabon, kuskure ɗaya a sake shafi. Waɗannan mutane sun karanta kundayen digiri fiye da wasu furofesoshi, sun gyara Turancin da ba a biya su kuɗin gyaransa ba, amma da wuya ka ga sunansu a shafin godiya.

Kwamfuta ta zo ta kori tafireta. Wayar salula ta shigo a 2001, aka kafa lema da tebur a bakin titi ana buga waya ana biya da minti. Shagunan intanet suka yi tashe, su ma wayar hannu ta rage musu kasuwa. Yau a ƙarƙashin irin waccan lema mai POS ne ke zaune, kusa da shi mai cajin waya da ɗan janaretonsa, gaba kaɗan mai gyaran gilashin waya. Mun lura da wani shago da aka shafe tsohon allonsa da fenti aka rubuta sabuwar sana'a, amma tsohon rubutun yana nan yana leƙowa ta ƙasa. Shago ɗaya, sana'a uku ko huɗu cikin shekara 40. Wannan ma kundin tarihi ne ga mai ido.

Ranakun Da Titi Ya Yi Shiru

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba in muka nuna masa ciniki da raha kaɗai. Wannan titi ya ga baƙin ciki. A 1966 rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin Janairu da dokar haɗe ƙasa ta watan Mayu ya shafi Zariya da kewayenta, aka rasa rayuka, 'yan Gabas da yawa suka bar ɗakunansu da shagunansu suka tafi. A Afrilun 1978 aka yi zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka, bayan an ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilmi na tarayya. Sojoji suka yi harbi a Samaru, ɗalibai suka mutu. Ranar 23 ga Mayu, 1986 aka sake zubar da jini, a wannan karo da bindigogin 'yan sandan kwantar da tarzoma. A Maris na 1987 wutar rikicin Kafanchan ta iso Zariya, aka ƙona wuraren ibada. A duk waɗannan ranaku, mai tebur da mai shayi ba su da katangar da za su fake a bayanta, kuma in an zo rubuta rahoto ba a cika tambayarsu abin da suka gani ba.

Akwai kuma wani shirun da ba ya zuwa da ƙarar bindiga, wato na yajin aiki. An yi shi a 1992 da 1996 da 2013, an yi na wata 9 a 2020 wanda ya haɗu da kullen annobar korona, sa'an nan na 2022 wanda ya faro ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Jaridu sukan ƙirga asarar ɗalibai da ta malamai, kuma gaskiya ne sun yi asara. Amma malami yana sa ran a biya shi bashin albashinsa wata rana, ɗalibi kuma zai dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mai ƙosai fa? Ƙosan da ba ta soya a watan Yuni ba, babu mai biyan ta shi a watan Nuwamba. Mai hoton takardu yana biyan hayar shago, injinsa yana shan ƙura. Mai acaɓa yana kwana da bashin mai babur. Garin da albashi ya kafa, ranar da albashi ya tsaya shi ne farkon mai jin yunwa.

Gaskiya ne Samaru ta sami wasu madogara. Ga kwalejin horar da matuƙa jirgin sama da aka kafa a 1964 a Palladan, ga cibiyar binciken fatu da ƙiraga, ga barikin soja na Basawa, ga kuma asibitin koyarwa da ya tare a Shika a 2005, wanda ya ƙara wa titin zirga-zirga dare da rana. Duk da haka, kowa a garin ya san bambancin ranar da makaranta ke ci da ranar da take rufe, ba sai ya duba kalanda ba.

Kammalawa

Magariba ta same mu a gaban babbar ƙofa. Kiran salla yana tashi daga masallatai, daga wani lungu kuma ana jin mawaƙan coci suna gwaji. Mai tsire ya hura wuta, mai shayi ya jera burodi da kirat ɗin ƙwai, masu keke-napep suna kiran Kwangila da PZ. A kan wani dakali dattawa sun shimfiɗa tabarma. Cikin irinsu akwai wanda ya yi leburanci a gonar gwaji tun Turawa ba su tafi ba, da wanda ya ɗora bulo a ginin da muka yi karatu a ciki. Lissafi ne mai sauƙi: wanda yake ɗan shekara 20 ranar da aka buɗe jami'a a 1962, yanzu ya haura 80. Kowace damina ana rage mana su.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A kan wannan hanya, gaba da Shika, garin Giwa yake. A can ne a ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har yau duk mai son sanin rayuwar matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya buɗe shi. Baba ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. An dai sami wadda ta zauna ta saurare ta ne kafin lokaci ya ƙure. Da an yi jinkirin shekara 2, da shi ke nan.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke cewa ba su da abin rubutawa, shi ne su fita su taka titin unguwarsu. Na Kano ga Fagge, na Kaduna ga Kakuri da rufaffun masaƙunta, na Zariya ga Tudun Wada da Samaru. A je da ladabi, a gai da dattijo, a nemi izininsa, a kunna wayar da ke aljihu. A tambaye shi shekarar da ya zo da abin da ya kawo shi, da nawa ne albashinsa na farko, da wanda ya fara gina gida a layinsu, da dalilin da ya sa ake kiran lungun da sunan da ake kiransa. A tambayi gwaggo mai abinci nawa take sayar da kwano a 1985. Abin da aka ji a gwada shi da abin da ke rubuce, kada a ƙara gishiri, kada a rage. Sa'an nan a rubuta da Hausa, domin jikan mai labarin ya karanta masa ya ji ko an faɗi daidai.

Mu dai mun sha shayinmu, muka biya, muka tsallaka titi da kyar saboda manyan motoci, muka shiga bas ɗin Kwangila. Filin wannan mujalla a buɗe yake ga duk wanda ya riga mu komawa wajen dattawan nan na kan dakali. Allah ya ba mu ikon yi tun suna raye, amin.